Karaginan a cikin abinci: tambayoyi da amsoshi kan aikinsa da lafiyar cinsa

Wanda ya saba juya kwalin madara ko robar askirim yana karanta abin da aka zuba a ciki, da wuya a ce bai taɓa cin karo da kalmar carrageenan ko lambar E407 ba. Karaginan ke nan. Yana cikin sinadaran da ake ƙara wa abinci don kada kayan haɗinsa su rabu, kuma yana cikin waɗanda aka fi yin ce-ce-ku-ce a kansu. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da aka tabbatar game da kowacce.

Mene ne karaginan, kuma daga ina ake samo shi?

Gari ne fari ko mai ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, ba ƙamshi ba ɗanɗano, wanda ake tatsowa daga wasu nau'o'in jar ciyawar teku. A cikin ciyawar, shi ne ke ba ta laushi da danƙo yadda igiyar ruwa za ta yi ta kaɗa ta ba ta karye ba.

Mutanen gaɓar tekun Ayalan sun daɗe suna tafasa irin wannan ciyawa a cikin madara don ta daskare, tun kafin a san sunan sinadarin da ke yin aikin. Sarrafa shi a masana'anta ya kankama ne a Amurka wajen shekarun 1930 zuwa 1940, kuma yaƙin duniya na biyu ya ƙara masa kasuwa, domin a lokacin an daina samun aga, wani makamancinsa da ake kawowa daga Jafan. A yau yawancin ciyawar noma ta ake yi, ba tsinta ba. Ana ɗaura 'yan rassa a jikin igiyoyi cikin ruwa mara zurfi, bayan kimanin mako 6 a girbe a shanya. An fara wannan noma sosai a Filifin a farkon shekarun 1970, yanzu kuma Indonisiya ce kan gaba. Tsibirin Zanzibar ma ya shiga harkar tun 1989, inda mata ne suka fi yawa a aikin.

Wane aiki yake yi a abinci?

Aiki uku: yana sa kauri, yana daskarar da ruwa ya zama jeli, yana kuma riƙe kayan haɗi kada su rabu. Na ukun ne ya fi ba shi daraja, musamman a duk abin da aka yi da madara.

A ɗauki madarar cakulan ta kwali. Garin cakulan ba ya narkewa a madara, yawo kawai yake yi a ciki, in aka ajiye kwalin kwana biyu sai ya kwanta a ƙasa. Karaginan yana manne wa furotin ɗin madara, su biyun su saƙa wata raga mai laushi ƙwarai da ido ba ya gani, harshe ma da ƙyar yake ji. Wannan raga ce ke riƙe ƙwayoyin cakulan a inda suke. Da an girgiza ko an tsiyaya sai ta saki, madarar ta zuba kamar ruwa, da an ajiye kuma ta sake haɗuwa. Abin mamakin shi ne ƙanƙantar abin da ake buƙata: kimanin kashi 0.02 zuwa 0.03 cikin ɗari, wato miligiram 200 zuwa 300 a lita guda. Sinadaran da ke yin wannan aiki a madara da ɗan wannan adadi ba su da yawa, shi ya sa kamfanoni suke riƙe da shi duk da surutun da ake yi.

A askirim yana hana ruwan madara tsamewa ya fito daban. A naman da aka sarrafa yana riƙe ruwa don kada naman ya bushe bayan dafawa, kuma a faɗi gaskiya, ruwan da aka riƙe nauyi ne da ake sayarwa da kuɗin nama.

An ce iri-iri ne. Mene ne bambancinsu?

Manyan nau'o'insa uku ne, ana kiransu kafa, ayota da lamda, kuma abin da ya raba su shi ne yawan salfet da ke jikin sarƙar sinadarin. Kafa ya fi ƙarancin salfet, yana ba da jeli mai tauri da ke tsagewa, musamman in akwai fotashiyam. Ayota yana ba da jeli mai laushi da danƙo idan ya haɗu da kalshiyam, kuma yana jure daskarewa a firiza da narkewa. Lamda, wanda ya fi kowa salfet, ba ya yin jeli sam, kauri kawai yake sawa, yana kuma narkewa a ruwan sanyi. Abin da ake sayar wa masana'antu galibi gauraye ne.

Tunda daga ciyawa yake, ke nan na halitta ne, ba sinadari ba?

Asalinsa tsiro ne, amma sai ya bi ta masana'anta. Ana wanke ciyawar, a dafa ta a ruwan zafi mai alkali, wato sinadarin da ke kishiyar tsami, a tace, sannan a fitar da karaginan daga ruwan, ko dai da alkohol ko da gishirin fotashiyam, a busar a niƙa. Wannan shi ne E407. Akwai hanya mai rahusa wadda ba a narkar da ciyawar gaba ɗaya, sai dai a jiƙa ta a alkali, a wanke, a busar, a niƙa da ɓawonta. Wannan shi ake rubuta wa E407a, kuma yana ɗauke da ragowar zaren ciyawar da ka iya kaiwa kashi 15 cikin ɗari.

Zancen "na halitta" kuwa ba ya warware komai. Akwai tsirrai masu dafi, akwai kuma abin da aka haɗa a ɗakin bincike da ba ya cutarwa. Abin dubawa shi ne me abu yake yi a jiki, kuma a wane adadi.

A waɗanne kaya aka fi samunsa?

Madarar cakulan, madarar gwangwani, askirim, kirim na kwalliyar kek, wasu nau'o'in yogot da cuku, madarar waken suya da ta almon da ta kwakwa, jeli, alewa mai danƙo, naman da aka sarrafa, da miyar kwalba. A wajen abinci kuma yana cikin man goge baki, ɓawon wasu ƙwayoyin magani, abincin karnuka da kyanwoyi na gwangwani, da wasu magungunan feshin hanci na mura.

Yana ƙara wa jiki wani abu?

A'a. Jikin ɗan Adam ba shi da abin narkar da shi, don haka yawancinsa wucewa yake yi ya fita. Ba ya ba da kuzari, ba bitamin, ba komai. Don kyan abinci da tsawon kwanansa ake sa shi.

To daga ina maganar cewa yana jawo ciwon daji ta fito?

Nan ne tushen rigimar, kuma sai an bi ta a hankali, domin abubuwa biyu ne aka daɗe ana kira da suna kusan ɗaya.

Karaginan na abinci doguwar sarƙa ce mai nauyi. Idan aka ɗauke shi aka dafa a cikin asid mai ƙarfi, a zafin da ya haura digiri 80, na tsawon sa'o'i, sarƙar tana gutsuttsurewa ta koma guntaye da suka fi asalin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Abin da ya fito ba ya sa kauri, ba ya daskarewa, ba shi da wani amfani a abinci. A da ana kiransa "lalataccen karaginan", daga baya a 1988 aka ba shi sunansa na kansa, folijinan. An taɓa amfani da shi a Turai a matsayin maganin gyambon ciki, sai dai binciken da aka fara wallafawa a Ingila a 1969 ya nuna yana haddasa gyambo a babban hanjin ɓerayen Masar. Bincike na baya a kan ɓeraye ya danganta shi da ƙari a hanji. A kan haka ne hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sanya shi a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wa mutum ciwon daji. Karaginan na abinci kuwa ta ajiye shi a rukuni na 3, na abubuwan da babu hujjar da za a yanke musu wannan hukunci.

Matsalar ita ce tsofaffin takardun bincike da yawa sun rubuta "karaginan" kawai alhali da lalataccen suka yi aiki. Duk wanda ya zo daga baya ya karanta kanun takardar ba tare da shiga cikinta ba, sai ya ɗora wa wannan laifin wancan. Kaso mai yawa na gargaɗin da ke yawo a intanet daga wannan ruɗani ya samo asali.

Sai dai ba duka ba. A 2001 wata likita a Amurka, Joanne Tobacman, ta wallafa bitar binciken da aka yi a kan dabbobi, inda ta kafa hujjar cewa shi ma na abincin abin tuhuma ne, kuma ita da abokan aikinta sun ci gaba da fitar da bincike a kan ƙwayoyin hanji da ke nuna alamun kumburi. Wasu masanan sun maimaita irin gwajin ba su sami abin da ta samu ba. Wasu daga cikin waɗannan gwaje-gwaje na martani masana'antar ce ta biya kuɗinsu, abin da bai isa ya soke sakamakonsu ba, amma ya kamata mai karatu ya sani.

Ruwan tsamin ciki ba zai iya mayar da shi wancan mai cutarwar ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce masu suka suka fi riƙewa. Cikin mutum yana da asid, amma zafinsa digiri 37 ne, kuma da zarar abinci ya shiga tsamin yana raguwa. Ga shi karaginan yana shiga ne a manne da furotin. Wannan ya yi nisa da yanayin da ake haɗa folijinan a masana'anta. Gutsurewa kaɗan tana iya faruwa, amma ba a nuna cewa tana kaiwa matakin da ya cutar da dabbobin gwaji ba.

Akwai kuma guntayen da ke zuwa da garin tun daga masana'anta. Tarayyar Turai ta kafa doka cewa ƙananan guntaye kada su wuce kashi 5 cikin ɗari. Auna wannan daidai yana da wuya, kuma ita kanta hukumar lafiyar abinci ta Turai ta nuna buƙatar ingantacciyar hanyar awo.

Gaskiya ne masu bincike suna amfani da shi don haddasa kumburi a jikin ɓeraye?

Gaskiya ne. Tun 1962 ake yi wa ɓera allurar karaginan a tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura, sannan a gwada maganin kumburi a gani ko zai sauke ta. Amma allura daban, ci daban. Abubuwa da yawa da muke ci lafiya ƙalau, in aka tura su ƙarƙashin fata jiki zai tayar musu da yaƙi. Wannan gwaji bai gaya mana komai game da abin da ke faruwa a hanji ba.

Me hukumomi suka ce, kuma nawa ne ya yi yawa?

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1961. Kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, JECFA, bai ga buƙatar ƙayyade masa adadin yini ba, matsayin da yake bai wa abubuwan da yake ganin haɗarinsu ƙanƙane ne.

Turai ta fi taka-tsantsan. A 2018 hukumarta, EFSA, ta sake nazarinsa, ta ce ba ta ga alamar yana jawo ciwon daji ko lalata ƙwayoyin gado ba. Ta bar adadin da aka yarda da shi a miligiram 75 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, amma ta mayar da shi na wucin gadi har sai an cike giɓin bayanai. Ga mai nauyin kilo 60, wannan giram 4.5 ke nan. Da madarar cakulan kaɗai sai mutum ya sha lita 15 ko fiye kafin ya kai nan. Amma jeli da wasu kayan zaƙi suna ɗauke da ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin madara, kuma ƙiyasin hukumar ya nuna wasu rukunin mutane masu yawan cin abincin masana'anta suna iya haura adadin. Yara sun fi saurin kaiwa, don jikinsu ba nauyi.

An gwada shi a kan mutane kuwa?

An gwada, amma kaɗan, kuma a ganina wannan ne raunin da ya fi girma a duk zancen, ga masu kare shi da masu sukarsa baki ɗaya.

A 2017 an wallafa wani ƙaramin gwaji a Amurka a kan masu ciwon gyambon babban hanji da ciwonsu ya lafa. Mutum 12 ne kacal. Uku daga cikin waɗanda aka ba karaginan ciwonsu ya tashi, babu ko ɗaya cikin waɗanda ba a ba su shi ba. Sakamako ne mai jan hankali, amma mutum 12 ba su isa a gina hukunci a kansu ba. A 2024 wani gwaji a Jamus a kan maza 20 masu lafiya, na mako 2, ya ga alamar bangon ƙaramin hanji ya ƙara barin abubuwa su ratsa, ko da yake a jimlace bai ga canji a yadda jikinsu ke amsa insulin ba.

A shekarar 2024 ɗin dai, babban binciken nan na Faransa, NutriNet-Santé, da ke bin diddigin cimar mutane fiye da 100,000, ya ba da rahoton cewa masu yawan cin karaginan sun ɗan fi kamuwa da ciwon sukari nau'i na 2, wani rahoton nasa kuma ya danganta shi da ciwon dajin mama. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba sanadi ba. Mai yawan cin karaginan shi ne mai yawan cin askirim, kayan zaƙi da naman da aka sarrafa, kuma raba tasirin sinadari ɗaya daga na sukari da kitse da gishirin da ke tare da shi aiki ne mai wuyar gaske. Bai dace a yi watsi da sakamakon ba, bai kuma dace a ɗauke shi hukuncin ƙarshe ba.

Jarirai fa?

A nan hukumomi sun rabu. A 2007 JECFA ta ba da shawarar kada a sa shi a madarar jarirai. A 2014, bayan sabon bincike a kan 'ya'yan aladu sabbin haihuwa, ta sauya matsayi ta ce har miligiram 1,000 a lita ba abin damuwa ba ne. Amurka tana barin a sa shi a madarar jarirai ta ruwa. Tarayyar Turai ba ta yarda da shi a madarar watannin farko ba. Madarar gari galibi ba ta buƙatarsa, tunda ba ta zama a ruwa balle ta rabu.

Akwai wani haɗari na daban da bai shafi hanji ba. Tun 2004 Turai ta hana sayar da 'yan ƙananan kofunan jeli da ake zuƙewa a baki ɗaya idan an yi su da karaginan ko makamantansa, saboda suna iya maƙale wa yaro a maƙogwaro.

Wa ya kamata ya yi hattara?

Mai ciwon gyambon babban hanji ko cutar Crohn, wani ciwon kumburin hanji, yana da dalilin rage shi, tunda ba abin da zai rasa in ya bar shi, kuma 'yar hujjar da ake da ita ta karkata wajen taka-tsantsan. Ya tattauna da likitansa, kada kuma ya ɗauki barin wani abinci a matsayin madadin maganinsa. Wasu masu lafiya ma sukan ce yana kumbura musu ciki ko ya sa su gudawa. Mai wannan zato ya bar kayan da ke ɗauke da shi na 'yan makonni, sannan ya dawo da su ya ga ko akwai bambanci, yana tuna cewa sau da yawa sukarin madara ne mai laifin.

Borin jini saboda karaginan yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Masu borin jini na jan nama da ke biyo bayan cizon kaska su ma akan shawarce su su lura da shi, domin an sami rahoton wasunsu sun yi rashin lafiya bayan cinsa. Mata masu juna biyu ba a ware musu wani hani na musamman ba.

Ya halatta ga Musulmi, da masu ƙin cin abin da ya fito daga dabba?

Ba a yin sa da komai na dabba, shi ya sa ma ake amfani da shi a madadin jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin shanu ko aladu. Alkohol ɗin da wasu masana'antu ke tace shi da shi ana busar da shi ne, abin da ke saura ɗan burbushi ne da doka ta ƙayyade. Hukumomin tantance halal suna ba da shaida ga karaginan da yawa. Amma kasancewarsa a jerin kayan haɗi bai wanke sauran abin da ke cikin jerin ba, don wani abincin yakan haɗa shi da jelatin.

In ba shi da illa, me ya sa wasu kamfanoni suke rubuta "babu karaginan" a kwali?

Saboda masu saye sun tsorata, kuma kamfani yana bin mai saye. A Amurka kwamitin da ke ba da shawara kan abincin da aka noma ba tare da sinadaran zamani ba ya kaɗa ƙuri'a a 2016 a cire shi daga jerin abubuwan da aka yarda da su, amma a 2018 ma'aikatar gona ta ƙi, ta ce babu abin da ke maye gurbinsa sosai. Kamfanin da ya cire shi kuwa galibi ba ya barin gurbin haka nan. Yakan sa wasu sinadaran sa kauri irin su jelan, zantan, guwa ko garin ƙwallon karob. Wanda ba a sa masa komai ba kuwa, za ka ga an rubuta a kwalinsa a girgiza sosai kafin a sha.

Mai sarrafa abinci da ke son amfani da shi, me ya kamata ya sani?

Ya sayi wanda aka rubuta na abinci ne, ya kuma san nau'in da ke hannunsa, domin lamda ba zai taɓa ba shi jeli ba ko ya juye buhu. Awo da sikeli mai auna giram ake yi, ba da cokali ba. A madara kuskuren ɗan kaɗan yana mayar da abin sha ya zama mai guda-guda. Don jelin ruwa, kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari na kafa ya kan isa.

In aka zuba garin kai tsaye a ruwan zafi dunƙulewa yake yi. A fara cakuɗa shi da busasshen sukari, a barbaɗa a ruwan sanyi ana motsawa, sannan a ɗora a wuta har zafin ya kai digiri 70 zuwa 80 don ya narke duka. Yana kamawa ne yayin da yake hucewa. Jelin kafa yakan yi tsattsafar ruwa in ya kwana, ana gyara wannan da ɗan ayota ko garin ƙwallon karob. Abu mai tsami kamar ruwan lemo a bar shi sai an sauke daga wuta, dab da zubawa a mazubi, domin doguwar tafasa a cikin tsami tana gutsura sarƙar, jelin ya ƙi kamawa.